Amanar Sabon Shiga a Hannun Ɗan'uwansa Ɗalibi

A Jami'ar Notre Dame da ke jihar Indiyana ta Amurka, sabon ɗalibi ba shi ke zaɓen gidan da zai kwana ba, ba kuma shi ke zaɓen abokin ɗakinsa ba. Hukumar jami'a ce ke rabawa, inda ka faɗa nan ne gidanka, galibi har ka gama. Gidajen sun haura talatin, na maza daban na mata daban, kuma kowanne da ƙaramin ɗakin sujadarsa. A kowane gida akwai babba guda da ke kwana yana tashi tare da ɗaliban: wani fada ne, wata sista ce, wani kuma ma'aikaci ne da aka ɗauka don aikin. Ƙarƙashinsa akwai mataimaka, sannan 'yan ajin ƙarshe da aka raba wa sassan gidan, kowa da nasa layin ɗakuna. Fada Edward Sorin na ƙungiyar Holy Cross ne ya kafa makarantar a 1842, kuma masu ita sun ɗauki wurin kwana da muhimmanci har suka wajabta wa ɗaliban da suka shiga daga 2018 zaman shekara uku a ciki.

A daren Lahadi ana yin sujadar Misa a gidajen, ɗalibai su sauko daga ɗakunansu, wasu da silifas da rigar sanyi, ɗaya ya ɗauki jita, ɗaya ya yi karatun Littafi. A gidan Dillon har an san su da Misar daren Alhamis da ake shan madara mai sanyi bayan an idar. Duk wanda ya lura da irin wannan zama zai ga fada yana gaba, amma ɗalibai ne ke riƙe da shi. Su ke ƙwanƙwasa ƙofar sabon shiga su ce ya sauko, su ke lura da wanda aka daina gani.

Wannan lurar ce jami'o'in Katolika da dama suka mayar aiki mai suna da tsari. Sai a zaɓi ɗan aji biyu ko aji uku, a ba shi horo kafin a buɗe makaranta, a sauke shi cikin 'yan aji ɗaya, a ce ya kula da lafiyar zuciyarsu da imaninsu. Ya haɗa su hira sau ɗaya a mako, ya shirya musu fita ta kaɗaici da addu'a, ya saurari mai damuwa, ya raka mai bukata wurin babba. Wasu jami'o'in na rage wa mai aikin kuɗin ɗaki, wasu kuwa sa kai ne zalla. To nan ne saɓani ya taso: shin daidai ne a ɗora wa mai shekara ashirin kiwon ran mai shekara goma sha takwas?

Masu goyon baya da agogo suke fara hujja. Ofishin masu ba da shawara da rana yake buɗe, damuwar ɗalibi kuwa da dare take tashi. Yaron da ya bar gidan iyayensa a watan Agusta, zumuɗin farko ya ɗauke shi mako uku ko huɗu, sai a wayi gari jarrabawar tsakiyar zango ta zo a Oktoba, wanda ya saba zuwa na ɗaya a sakandare ya ga makin da bai taɓa gani ba. Nuwamba na kamawa rana ta riƙa faɗuwa da wuri, sanyin arewacin Indiyana ya sauko, abokin ɗaki ya sami nasa abokai. Ƙarfe biyun dare yana zaune a matakalar bene da waya a hannu, ya rasa wanda zai kira, don ba ya son hankalin mahaifiyarsa ya tashi. Ba likita ba ne zai wuce ta nan a wannan lokacin. Wanda zai wuce shi ne ɗalibin ɗaki na uku da ya fito ɗiban ruwa, ko zai wuce abinsa ko zai tsaya ya ce lafiya dai. Masu wannan ra'ayi suka ce tunda ko an so ko an ƙi ɗalibi ne zai fara gani, gara a koya masa abin da zai yi idan ya gani.

Sai kunya. Akwai maganar da yaro zai haɗiye har ta yi masa illa a gaban mai farin gashi, amma ya amayar da ita ga wanda ya girme shi da shekara ɗaya. Wanda ya fara shakkar abin da aka raine shi a kai, ko wadda ta sha giya ta farka ba ta san yadda aka yi ba, ko wanda kuɗin abincinsa ya ƙare alhali abokan ɗakinsa 'ya'yan masu hali ne, duk waɗannan da wuya su taka ofishin fada da ƙafarsu. Ɗan aji biyu yana da abin da fada ba shi da shi, wato zai iya cewa "ni ma bara haka na yi," a kuma yarda da shi, don shaidar tana nan ɗanya.

Suna da manazarta a bayansu. Vincent Tinto, a littafinsa na 1987 kan dalilan da ke sa ɗalibai barin jami'a, ya nuna cewa ba nauyin karatu kaɗai ke korar su ba, har da rashin samun gurbi a cikin jama'ar makaranta, kuma shekarar farko ce mafi hatsari. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi na musamman kan kaɗaici a matsayin matsalar lafiyar al'umma. Ta fuskar coci ma ba su rasa madogara ba. Kundin da Paparoma John Paul na Biyu ya fitar kan jami'o'in Katolika a 1990, Ex Corde Ecclesiae, ya sa kula da rayuwar ruhin ɗalibai cikin ainihin aikin jami'a. Paparoma Francis kuma, bayan taron bishop-bishop kan matasa na 2018, ya rubuta Christus Vivit a 2019, inda ya nanata cewa matasa su ma masu aikin ne, ba waɗanda ake yi wa kaɗai ba.

Abin ma ba sabo ba ne. A birnin Turin na Italiya, a makarantar da Don Bosco ya buɗe wa yaran talakawa, wani yaro Dominic Savio ya haɗa 'yan'uwansa ɗalibai a 1856 suka kafa ƙungiya, cikin ayyukanta har da kula da sababbin zuwa da yaran da kowa ya guje wa. Savio ya rasu a 1857 yana da shekara goma sha huɗu. Masu goyon baya sukan ce idan yaro ɗan wannan shekarun ya iya, ɗan jami'a ba shi da uzuri.

Duk wannan gaskiya ne. Amma masu adawa ba gardamar banza suke yi ba, kuma a ganina hujjarsu ta biyu ta fi duk abin da aka faɗa zuwa yanzu nauyi.

Ta farkon ita ce ta ƙwarewa. Horon mako ɗaya ko biyu ba ya mai da mutum masanin halayyar ɗan Adam. Shekarun shiga jami'a su ne shekarun da manyan cututtukan ƙwaƙwalwa suka fi fara bayyana. Ɗalibi mai kyakkyawar niyya yana iya kallon ciwon damuwa ya ɗauka sanyin imani ne, ya ce wa mai shi ya ƙara addu'a, makonni su wuce ba a je asibiti ba. Wannan haɗarin ya fi yawa a aikin da aka lulluɓe da addini, don maganin da ke hannun mai aikin shi ne addu'a, kuma kowa da abin hannunsa yake fara gwadawa. Amsar masu goyon baya ita ce ba a ce ya warkar ba, an ce ya gane ya miƙa. Akwai gajeren horo da ake yi wa mutanen da ba likitoci ba, a koya musu su tambayi mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, su lallashe shi, su kai shi inda ya dace, kuma tun Yulin 2022 Amurka na da lambar gaggawa ta 988 don wannan. Amsa ce mai ma'ana. Sai dai ta dogara ga mai aikin ya san iyakarsa, kuma sanin iyaka ba shi ne abin da aka fi sanin ɗan shekara ashirin da shi ba, musamman wanda aka gaya masa cewa Allah ne ya kira shi.

Hujja ta biyu ita ce ta sirri. Ɗan Katolika ya tashi ya san cewa abin da ya faɗa wa fada a wurin ikirarin zunubi ya mutu a nan. Dokar coci ta haramta wa fada tona shi ko da wane dalili, wanda ya tona kai tsaye kuwa ya fita daga tarayyar coci nan take. Yaron da ya girma da wannan tabbacin, idan ya ga ɗalibi ɗan'uwansa sanye da rigar aikin addini yana cewa ka faɗa mini abin da ke damunka, zai ɗauka irin wannan amanar ce. Alhali ba ita ba ce. Ɗalibin ba fada ba ne, ba likita ba ne, babu dokar da ta rufe masa baki, akwai ma wadda ke iya tilasta masa buɗewa. Bayan kisan wata ɗaliba, Jeanne Clery, a ɗakin kwananta a Jami'ar Lehigh a 1986, Amurka ta yi doka a 1990 da ta wajabta wa jami'o'i tattara rahoton laifuffukan da ake yi a harabarsu, kuma ɗaliban da ke lura da ɗakunan kwana galibi suna cikin waɗanda dole su kai rahoto. Dokar ta keɓe mai ba da shawara na addini da ƙwararren mai ba da shawara idan suna bakin aikinsu. Haka nan, a ƙarƙashin dokar 1972 da ta hana wariyar jinsi a makarantu, jami'o'i da yawa sun umarci ma'aikatansu, har da ɗaliban da ke musu aiki, su sanar da hukuma duk labarin cin zarafi da ya zo kunnensu.

To a wane layi ɗalibin mai kula da rai ya tsaya? Ya danganta da yadda kowace jami'a ta rubuta aikinsa. A ɗauka yarinya ta zo ɗakin yayarta ta makaranta da dare, ta rufe ƙofa, ta ce kada ki gaya wa kowa, sannan ta faɗi abin da wani ya yi mata a wurin biki. Idan yayar ta yi shiru ta saɓa wa ƙa'idar aikinta, wataƙila ma ta bar mai laifi ya sake. Idan ta kai rahoto ta ci amanar da aka ba ta da sunan Allah, kuma kafin mako ya zagayo duk benen sun san cewa ba a gaya mata magana. Manya masu digiri a wannan fanni suna shan wahalar irin wannan tsaka mai wuya, balle wadda gobe da safe tana da jarrabawar lissafi.

Abin mamaki shi ne cocin kanta ta daɗe da gano wannan matsala a gidajen horon limamanta. Kundin dokokinta na 1983 ya hana shugaban makarantar horon fada, ko ta wata makarantar tarbiyya, sauraron ikirarin ɗaliban da ke zaune gida ɗaya da shi, sai in su da kansu suka nema a wani hali na musamman. Ya kuma hana neman ra'ayin mai sauraron ikirari ko jagoran ruhi idan ana shawarar a naɗa ɗalibi ko a kore shi. Ma'ana, kunnen da ke jin sirri daban, hannun da ke hukunci daban. Wannan hikima ce da aka saya da tsada. Amma sai ka tarar a gidan kwanan ɗalibai an haɗa wa yaro ɗaya aiki biyun: da daddare shi ne mai jin kuka, shi ne kuma mai rubuta sunan wanda aka kama da kwalba ko wanda baƙuwarsa ta wuce lokacin ziyara. A Notre Dame ziyara tsakanin maza da mata tana ƙarewa ƙarfe goma sha biyun dare a ranakun karatu, ƙarfe biyu a ƙarshen mako, kuma wani ne zai tabbatar an bi. Jami'o'in da suka raba aikin biyu, suka bar tsaron doka ga wani ɗalibi, sauraro ga wani, sun fi kusa da abin da cocinsu ta koya.

Daga nan maganar iko take ɓullowa. Duk wadda ta yi makarantar kwana a Najeriya ta san uwar ɗaki da 'yar ɗaki. Wata uwar ɗakin ita ce ta hana a ci zalinki, ta ajiye miki abinci, ta koya miki zaman makaranta, har yau kuna zumunci. Wata kuwa baiwa ta samu mai wanki da ɗebo ruwa, kuma ba ki da bakin ƙara, don kowa ya san ita ce mai kula da ke. Tsarin ɗaya ne, halin mai riƙe da shi ne ya bambanta. Idan aka ƙara wa wannan fifiko rigar addini, sai ya zama wanda ya ƙi zuwa taron mako ba taro kaɗai ya ƙi ba, kamar Allah ya juya wa baya. Cocin Katolika a Amurka, bayan abin da jaridar Boston Globe ta bankaɗo a 2002 da ƙa'idojin kare yara da bishop-bishop suka amince da su a Dallas a shekarar, ba ta da hujjar cewa kyakkyawar niyya ta isa kariya. Gaskiya ne 'yan aji ɗaya ba yara ƙanana ba ne a idon doka, amma wanda yake kaɗai, nesa da gida, yana neman wanda zai karɓe shi, ba shi da wuyar juyawa.

Akwai kuma waɗanda ba Katolika ba. A Notre Dame kusan kashi 80 cikin 100 na masu digirin farko Katolika ne, wato ɗaya cikin biyar ba Katolika ba ne, kuma a wasu jami'o'in Katolikan rabon waɗanda ba Katolika ba ya fi haka nesa ba kusa ba. Musulmi ko Bayahude ko ɗan wata ɗarikar Kirista da ya sami kansa a gidan da duk zumunci ke bi ta ƙofar ɗakin sujada, ko ya bi ba da son ransa ba ko ya zauna shi kaɗai a daren Lahadi. Jami'ar Georgetown ta 'yan Jesuit da ke Washington ta ɗauki malamin Yahudawa a 1968, ta ɗauki limamin Musulmi na cikakken lokaci a 1999, don kowa ya sami nasa. Amma limami yana ofis, wanda ke ƙwanƙwasa ƙofa ɗalibi ne, kuma bambanci tsakanin gayyata da matsi sau da yawa a yawan ƙwanƙwasawar yake. A nan ba na jin hujjar ta rushe tsarin, ta dai nuna abin da ya kamata a auna wajen zaɓe: mai aikin da zai iya nuna wa Musulmi inda ake sallar Juma'a, ya tuna masa da abincin sahur a watan azumi, ba tare da ya ji ya yi asarar rai ba. Tambayar ta shafe mu ma, tunda Jami'ar Veritas da ke Bwari ta bishop-bishop ɗin Katolika na Najeriya ce, kuma ba Katolika kaɗai ke neman gurbi a irin waɗannan makarantu ba.

Ni dai na karkata ga a yi. Dalilina ba ya wuce na farkon nan: sabon shiga zai kai kukansa wurin ɗalibi ko da tsari ko babu, kuma idan babu tsari wanda zai samu shi ne duk wanda ya fi kusa, mai hankali ko marar hankali, babu wanda ya horar da shi, babu wanda zai tambaye shi. Soke aikin ba zai mai da yaran wurin ƙwararru ba, zai dai ɗauke idon manya daga abin da ke gudana. Amma goyon bayan nawa da sharaɗi yake. A daren farko, kafin kowa ya buɗe cikinsa, mai aikin ya faɗa da bakinsa cewa shi ba fada ba ne, ga abin da zai riƙe, ga abin da dole ya kai gaba, ga kuma ƙofofin da za a iya shiga a yi magana ba ta fita. Na san wannan zai sa wasu su yi gum, kuma asara ce ta gaske, don wata maganar da za a ji ba za a ji ta ba. Duk da haka na fi yarda da asarar da aka yi da sanin mai magana a kan ribar da aka samu da ruɗinsa.

Sannan shi kansa mai aikin yana bukatar wanda zai sauke masa. Ɗalibin da ya kwana yana riƙe da hannun wanda ya yi yunƙurin halaka kansa ba zai tashi da safe ya shiga aji kamar ba abin da ya faru ba. Irin waɗanda ke neman wannan aiki galibi masu taushin zuciya ne da ba su iya cewa a'a ba, su ne kuma ke fara durƙushewa. Idan babu babba da ke zama da su kowane mako yana tambayar nasu halin, an ci da guminsu ne kawai.

Wannan ya kawo maganar da ba a cika son yi a bainar jama'a ba, wato kuɗi da ƙarancin ma'aikata. A 1965 Amurka na da sistoci kusan 180,000, yanzu ba su kai 40,000 ba, kuma yawancinsu tsofaffi ne. Fada-fada sun kai wajen 59,000 a 1970, zuwa 2020 sun dawo wajen 35,000. Gidajen kwanan da a da ake cika su da masu rigar addini da ba a biyan su albashin kirki, yau sai an ɗauki ma'aikaci an biya shi. Ɗalibi mai sa kai kuwa kusan kyauta ne. Ba na cewa duk jami'ar da ta kafa wannan tsari arha take nema, amma jarabar tana nan, kuma kalmomi masu daɗi irin su rakiya da hidima suna iya rufe ta ruf. Iyayen da ke shirin kai ɗansu irin wannan makaranta suna da damar tambaya a ranar zagayen gani da ido: ɗalibai nawa ke hannun mai kula ɗaya, wane babba ne ke kwana a gidan, kwana nawa ake jira kafin a ga ƙwararren mai ba da shawara, kuma tun da aka fara sa ɗalibai wannan aikin, ma'aikatan sun ƙaru ne ko sun ragu.